Gabar Kawu Isufu da Teku

Duk wanda ya taɓa ba Kawu Isufu ruwa a birnin Lyon na Faransa ya san halinsa. Ba ya haɗiyewa sai ya kurkure baki, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. Ya taɓa gaya wa surukata cewa ruwan famfonta na unguwar Minguettes ba shi da tarbiyya. Ta daɗe ba ta gaishe shi ba.

Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan Damagaram, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Bai ga teku ba sai da ya yi gemu, amma daga gani ya ƙulla gaba da shi. Dalili kuwa wani ƙauye ne a gaɓar kudancin Faransa: manoma sun zuƙe rijiyoyinsu, ruwan teku ya kutso ta ƙasa, gishiri yana kashe musu lambuna. Maganin Kawu shi ne a haƙa tafkuna, a karkato kogi idan ya cika, ruwan ya nutse ya tare tekun. "Gidan da ba kowa ɓarawo ke shiga," in ji shi.

Mun taɓa kai shi bakin teku shan iska. Ya shimfiɗa darduma, ya ba ruwan baya, wai ba ya hira da abokin gaba.

Da jami'an da za su sa hannu kan aikin a Paris suka yi ta jan ƙafa, sai ya hau jirgin ƙasa da butar shayi, ni ina biye da jarka, kunya kamar in nutse. Ya dafa musu shayi irin namu, har da kumfa. Babbansu ya kurɓa, fuska ta yamutse, ladabi ya hana shi tofarwa.

"Ruwan ƙauyen ne," in ji Kawu. "Shanye, ranka ya daɗe. A garinmu shayi zagaye uku ne, kuma baƙo ba ya tashi sai an gama."

Kafin na biyu ya tafasa an sa hannu.

An haƙa tafkunan, amma ƙasa ba ta gaggawa. Har ciwo ya kwantar da shi gishirin bai ja baya ba, kuma abin ya ci masa rai. Ya rasu yana tambaya.

Bayan shekaru wata tsohuwar manomiya ta nemo ni a waya. Wake ya sake fitowa a lambunta, tana so ta gaya wa mutumin nan mai taurin kai. Na rasa bakin ce mata ta makara, na ce zan isar.

Ya Allah, ni ban iya ba, Kai ka isar masa. Ka jiƙan Kawu, ka sanyaya makwancinsa.