Ni Aka Kwantar, Ashe Inna Ta Fi Ni Ciwo

Salamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na tambaya ko na bar harkar shanu ne. Ban bari ba, jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan ruga ne daga wajen Kalmalo, dillancin shanu ya zaunar da ni Illela.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa, in ƙara, baki a bushe. Fitsari ba iyaka. Na rame har wando ya daina zama a ƙuguna. Na ce zafin bazara ne, na sayi jiƙo. Wata ranar kasuwa, ina tsakiyar ciniki a kara, wato kasuwar shanu, na yanke jiki na faɗi.

A asibiti aka soki yatsana aka auna jini. Ciwon suga.

Aka sa mini ruwa, ga allura safe da yamma. Na tsorata ƙwarai, don a sanina ciwon masu kuɗin birni ne. Yayana ya sayar da bijimi aka biya magani.

Mahaifiyata, Inna, ta baro ruga ta tare a gefen gadona. Ita ke ɗaga ni, ita ke ba ni abinci.

Ran nan likita ya zo zagaye ya ce, "Akwai mai irin wannan ciwon a gidanku?"

Na ce babu.

Ya shiga faɗin alamomi: ƙishirwa, yawan fitsari, gani dishi-dishi, miki mai ƙin warkewa. Inna ba ta jin Hausa sosai, sai ta taɓa ni, na mayar mata da Fulatanci.

Ta yi dariya. "Wannan ma ciwo ne? Ai na daɗe haka. Tsufa ne."

Likita ya ce, "Mi tac ce?"

Da na faɗa masa, ya sa ta kwance tsumman da ke ƙafarta. Na san tsumman nan. Duk zuwana ruga ina ganinsa, ta ce ƙaya ce, in ce Allah ya sawwaƙe, in wuce wajen shanu.

Da aka kwance, kasa kallo na yi.

Aka auna ta, nata ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai da aka cire mata yatsun ƙafa biyu. Idonta na hagu kuwa, an ce ganinsa ba zai dawo ba.

Ni na miƙe. Ina shan magani, na rage fura, na koma kara. Amma abin yana cina. Waya na hannuna, kullum na san farashin shanu a Kudu, ban taɓa neman sanin abin da ke cin uwata ba.

Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Da ba ka faɗi ba, wa zai duba ni?"

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci, da yayana, da duk wanda ya yi mana addu'a.

'Yan uwa masu dangi a ruga, labarin lafiya ba ya isa can sai wani ya kai shi da bakinsa, da harshen da suke ji. Ƙishirwar da ba ta yankewa ba tsufa ba ce. Ku kawo iyayenku awo tun suna tafiya da ƙafarsu, digon jini ne kawai a yatsa.

Jiya Inna ta aiko cewa wasu matan rugarmu za su zo awo ranar kasuwa, in tare su a tasha in yi musu tafinta.

Ranar ba zan shiga kara ba.