Gindin jema uku da Rabi ta bari

Bana damana bakwai ke nan da Allah ya karɓi matata Rabi. Ni da na gudu daga lakwal, makarantar boko, tun aji biyu don mushe, malaminmu, ya ja mini kunne, yau ga ni a jarida. Da tana nan, da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

A fadamarmu ta wajen Urno, abu biyu take tsaro kamar 'ya'yan cikinta: badon tabki da ciyawar jema. Bado ya rufa mana asiri shekarar yunwa, mun ci 'ya'yansa, mun dafa tushensa. Jema kuwa da ita take saƙa faifai. Dokarta ɗaya ce: a yanka da lauje, a bar gindi. Ni kuma sai in faki idonta in tuge har saiwa, don ina son ƙamshinta cikin randa. Takan ce, "Malam, hancinka zai cinye fadamar ga."

Ba hancina kaɗai ya ci ba, amma ya ci rabonsa. Yau albasa ta kai har bakin tabki, injin ban ruwa ko'ina. Bado mai wayo ne irina, yakan lafe cikin laka, in damana ta yi kyau ya leƙo. Jema ba ta iya ɓuya ba, in an tuge ta, ta tafi ke nan. Wani ma'aikacin gandun daji ya ce mini a takarda ba wanda ke bakin ƙarewa cikinsu. Na ce gani ya kori ji, takardar ta zo ta ga fadamarmu.

Gindi uku suka rage a iyakar gonata, da hannunta Rabi ta dasa su. Watan jiya ɗana Isuhu ya zo da hauya zai ƙara fangalin albasa daidai inda suke. Na tattare riga na zauna gabansu.

"Baba, ciyawa ce fa. Kuma ba kai ka tuge sauran ba?"

"Ni ne. Shi ya sa na san ba ta dawowa."

Ya saɓa hauyarsa, fangalin ya tsaya nan.

Rabi ba ta bar zinariya ba. Ta bar faifan da ke rufe tuwona, da gindi ukun nan, da tsoho guda da ya ji magana a makare. Allah ya jiƙan ki, Rabi. Shekara bakwai ruwan randata lami nake sha, kuma ban mutu ba.