Farar Ƙasa a Cikin Roba

Tun safe nake zarya tsakanin ƙofar gida da bakin titin Tudun Wada, waya a hannu. Yau 'yata Hauwa ke kare aikinta na gama jami'a, wai cakuɗa farar ƙasa da roba.

Ni da boko ya sallama tun aji uku, abu ɗaya na sani: farkon zuwan Turawa, kakana ya cusa yumɓu cikin danƙon robar da ya kai wa kamfani. Aka gane, aka zane shi a bainar jama'a.

Jiya na kasa haƙuri na ce mata, "Uwata, algus ɗin gidanmu za ki kai gaban farfesoshi?"

Ta yi dariya. "Baba, 'yar kaɗan ake sawa, a niƙe lukui. Ƙarfi take ƙara wa roba, ta daɗe ba ta cinye ba. In ta yi yawa ne take tauri ta tsage."

"To shi kaka yawa ya yi ke nan?"

"Ai kai ka ce rabi da rabi ya zuba!"

Yanzun nan ta kira. Ta ci, har da tafi.

Shi bulala, ita digiri. Jama'a, ku ma akwai laifin kakanku da ya zama ilimi?