Kwandon Bakin Ƙofa

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka ajiye kwando a ƙofar ɗakin karatunmu na unguwar Ladjifarani ba. Ku da kuka zo aiki bayana, ku saurara.

Ni mai shara ce, ban san baƙi ko ɗaya ba. In share, in kaɗe littattafai, in cika randa. Sama da ni akwai mai ba da aro, sama da shi akwai shugabanmu, wanda muke kira Mushe, wato maigida da Faransanci.

Bayan Sallar Layya Mushe ya dawo daga wani taro a Kotonu da sabuwar doka: karatu da natsuwa. Waya da duk abin da ke da gilashi, a kwando. A zauna, a ja numfashi, a bi takarda sannu-sannu. Tsaron kwandon kuwa ni aka ba.

To, akwai Baba Idi, tsohon direba, mutumin Djougou da ya zauna a Tourou. Yanar ido ce ke rufe masa gani, likita ya ce ganin ba zai kai kaka ba. 'Yarsa ta aiko masa da allon karatu mai gilashi kamar waya, irin wanda ake ƙara wa baƙi girma har ya kai ƙwayar wake. Gidansa babu kuran, wato lantarki, wurinmu yake saka allon a wuta, ya karanta.

Na ce, "Mushe, tsohon nan fa da shi yake gani."

Ya ce, "Inna, in na ɗaga wa ɗaya, na ɗaga wa kowa."

Baba Idi ya ce, "Ɗana, sannu-sannu ta mai sauran ido ce." Amma mutum ne mai kunya. Ya sa allon a kwando, ya karɓi littafi, ya zauna.

Haka ya yi ta zuwa, ko dokar za ta faɗi. Wata rana Mushe ya tara 'yan makaranta, ya nuna shi.

"Ku dubi Baba. Tun safe shafi ɗaya yake kai. Wannan shi ne karatu."

Da na kai wa Baba Idi ruwa, ya ce a hankali, "Hajiya, fari kawai nake gani."

Kafin a yanke dawa jikansa ne ke jansa da sanda.

Mushe ba mugu ba ne, ya ma je gaishe shi. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne: wanda ya yi shiru a kan littafi, a matsa kusa a tambaye shi me yake gani.