Malam Maharazu, Mai Leƙen Daji a Madubi

Tun hantsi bai ɗaga ba Malam Maharazu yake jingine kekensa ya buɗe ɗakin awo na wani ɗan asibiti a gefen Rano. Yakan goge madubin likita da ƙyallen tsohuwar riga, ya matsar da shi bakin taga, domin wuta ba ta zama. Ranar Talata sai ya naɗe gilasan awon da suka fi ƙarfinsa a auduga, ya zuba a gwangwanin madara, ya rungume a motar haya har Kano, wurin likitocin da ke tantance ciwon daji. Shekara talatin da biyar yana haka.

Na san shi a 2009, ina karatun kimiyya a jami'a, lokacin da ƙullutu ya fito wa Innata a nono. Nas ta ce a zuƙo ɗan ruwansa da allura, domin Malam ya shafa a gilashi ya duba. Hankalin gidanmu ya tashi. Kowa a garinmu Kibiya ya san maganar: daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai fusata ya bazu. Kawu Isiyaku, yayan Inna, ya ce boko ya cire mini tausayi. Aka koma shafe-shafe da hayaƙi.

Na je wurin Malam ina huci. Ya zaunar da ni gaban madubi, ya sa gilashin wata mata, ya nuna mini wasu manyan ƙwayoyi masu kumfa a tsakiyar na daji. Ya ce makrofej ake ce musu, masu gadin jiki ne, aikinsu haɗiye ƙwayar cuta da gyara rauni. Amma daji yakan aika musu da sinadarin kira. In sun zo, sai su taimaka a shimfiɗa masa sababbin jijiyoyin jini, su lallashi sauran sojojin jiki su janye, su sassauta naman da ke kewaye har ya sami hanyar fita.

"Ba mugaye ba ne, 'yata," in ji shi. "Sun ɗauka rauni suke jinya. Kada ki zagi kawunki."

Juma'a bakwai yana taka keke zuwa Kibiya, ya jira Kawu a zaure bayan an sauko daga masallaci. Ina bayan ƙofa ranar da Kawu ya ce, "Malam, kai da ka tsufa kana leƙen fitsarin mutane, kai za ka koya mini daji?"

Malam ya yi dariya. "Alhaji, ai shi ya sa na san abin da ke cikin mutum."

Kawu bai yarda ba sai bayan wata takwas, da wurin ya fashe. Aka yi allurar. Malam ya kai gilashin Kano, ya dawo da takardar da hannunsa. Ciwon ya riga ya kai huhu. Inna ta rasu kafin a yanke dawa.

A zaman makoki, Kawu ya dubi jama'a ya ce kwana arba'in tsakanin allura da kabari, wanda ke da ido ya gani. Mata suka gyaɗa kai. Malam yana kan tabarmar. Daga baya ya gaya mini haka take ƙarewa kusan kullum: ba a kawo mace sai ta kusa tafiya, in ta tafi a ce ƙarfe ne, ta gaba kuma a ƙara ɓoye ta.

Malam, kai ne ka san ƙarshen zancen tun kafin ka hau keke, ka kuma hau. Kai ne aka kira mai kashe mata a kasuwar Kibiya, washegari ka auna jinin ɗan mai faɗar. Dutse a tsakiyar rafi, ruwa ya gaji ya ratse.

Watan jiya ya yi ritaya. Ba a yi taro ba, ba a turo wani a madadinsa ba, an sa kwaɗo a ɗakin. Maganar ƙarfe tana nan daram, ta ma fi da ƙarfi, domin yanzu da sunan Innata ake kafa hujja.

Na gode, Malam, Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa. Ku kuma masu karatu, wanda ya ji ƙullutu a jikin wata mace tasa ya kai ta asibiti tun yana kamar gyaɗa, ko dangi za su juya masa baya. In sun juya, ya koma zaurensu ya zauna, kamar yadda Malam ya yi. Kawu bai amsa gaisuwata ba shekara huɗu ke nan. Jikarsa ta ce ta ji wani abu a hammata, don haka Juma'ar nan zan je in gaishe shi.