Bashi Mpundu Mai Tarbar Masu Jari

Shekara ashirin da biyu Bashi Mpundu ya yi yana gyaran injuna a mahaƙar tagulla ta garinmu kafin a rufe ta. Daga nan gari ya mutu murus, har karnuka suka manta yadda ake bin mota.

Ranar da rediyo ta ce gwamnati ta yafe harajin shekara goma ga duk wanda ya kafa masana'anta a yankinmu, ya tafi wurin 'yan gwanjo ya sayo kwat mai ruwan toka wadda hannunta ya rufe masa yatsu. Ya naɗa kansa mai tarbar masu jari. Kullum yana tasha, duk baƙon da ya sauko da jaka mai ƙyalli sai ya karɓe ta.

Matarsa, Bana Mpundu, ta ce, "Wai wa ya ɗauke ka aikin nan?"

"Ƙasa ce ta ɗauke ni."

"To, ƙasa ta ba ka abincin rana."

Wata Talata wani mai tumbi da ake kira Ba Sichone ya sauko daga motar Lusaka yana tambayar inda ake yafe haraji. Bashi Mpundu ya ja shi gida, ya sa aka yanka zakaransu tilo, aka tuƙa nshima, tuwonmu na masara. Baƙo yana ci yana tambaya.

"Tsofaffi fa, suna da yawa a garin nan?"

"Ai mu ne garin! Samari duk sun gudu."

"Madalla. Asibiti fa?"

"Ko ƙwayar ciwon kai babu."

Baƙo ya yi murmushin jin daɗi. Sai da ya gama da cinya ta biyu ya faɗi sana'arsa: akwatin gawa yake ƙerawa.

Bashi Mpundu ya ajiye lomarsa. "Ba Sichone, aiki muke nema, ba masaukin ƙarshe ba."

Mutumin ya wanke hannu ya tafi, ba mu sake ganinsa ba. Wata guda Bana Mpundu tana zuba wa mijinta ganyen kabewa tana cewa, "Ci, ranka ya daɗe, naman yana Lusaka."

Duk wannan lokacin ƙanwar Bana Mpundu, Ba Kasonde, mai markaɗa gyaɗa a kasuwa, sau uku tana kawo masa takardun neman shiga shirin yafe harajin ya karanta mata. Ya ce, "Wannan doka ta manya ce, ƙanwata. Ki koma kan turminki." Ta tattara matan ƙungiyarsu, suka je ofishin gwamnati da kansu, aka ba su tsohon ɗakin ajiyar mahaƙa, suka kafa injin matse man gyaɗa.

Ranar buɗewa, gaban manyan baƙi, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Bashi Mpundu yana can baya ya harɗe hannu. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya tuɓe kwat ya kutsa cikin mutane yana cewa, "Ku kauce, za ku kashe shi! Wa ya ɗaura bel ɗin nan haka?" Kafin shugaban taro ya gama ba da haƙuri, mai ya fara zuba.

Yanzu mata goma sha tara ke aiki a wurin, namiji kuwa Bashi Mpundu ne kaɗai. Bara wani ɗan jarida ya zo, Bashi Mpundu ya zaunar da shi yana ba shi labarin yadda shi ya gano Ba Kasonde tun ba wanda ya san ta. Tana jin su ta taga. Ta leƙo ta kira shi yadda muke kiran mijin yaya, ta ce, "Mulamu, injin na biyu yana ƙara."

Ya miƙe da sauri, ya bar ɗan jarida da biro a hannu.