Kifin Makango a Cikin Motar Tsere

Ko zan tsufa har in manta sunana, ba zan manta ranar da aka gwada motarmu a Yendi ba. Bari ma in faɗi laifina tun yanzu kafin wani ya riga ni: ni ne na ɓoye ƙunshin kifi a cikin motar tsere. Eh, kifi, busasshe, na Makango, garin masunta da ke kusa da mu.

Ina ɗan shekara sha shida a lokacin, ina makarantar koyon sana'a a Salaga. Wani kamfani mai sayar da batir da kayan sola ya shirya wa makarantu tseren ƙananan motoci masu aiki da lantarki. Ɗalibai su ƙera jikin mota, kamfani ya ba da aron batir, ya manna tambarinsa a gefe. Sharaɗin dai ɗaya ne: kafin a je tsere a Bawku sai injiniyan kamfanin ya gwada kowace mota a Yendi. Wadda ta faɗi gwaji, a nan take ake cire batirinta, masu ita su koma gida da kwarangwal.

Wata huɗu muka yi muna fama. Tayoyin keke, bututun ƙarfe, da kujerar roba da muka sare wa ƙafafu. Ni ban iya walda ba, ban iya haɗa waya ba. An zaɓe ni direba ne kawai saboda rama, don ni ko iska mai ƙarfi ta taso sai an riƙe mini riga. Tsinke ake kirana. Wadda ta san aikin da gaske wata yarinya ce, ita kaɗai mace a cikinmu, muna ce mata Uwar Waya. Ita ta haɗa duk wayoyin, ita ta saka ƙaramar fanka a bayan kujera, da kafar da iska ke bi ta sanyaya batir.

To a gidanmu ba a tafiya hannu sake. Da mahaifiyata, Mma, ta ji an ce Bawku, ba ta ko tambayi mene ne tseren ba.

"Bawku? Gidan goggonka ke nan. Za ka tafi mata da kifi."

"Mma, malaminmu Masta ya ce ko allura kada wani ya ƙara a kan jakarsa. Motar kaya ta cika."

"Mastan naku ba shi da dangi ne? Ka shiga garin ƙanwar ubanka hannu rabbana, ta ce mene ne na koya maka?"

Ta naɗe kifin cikin takardar siminti, ta saka a leda uku, ta ɗaure da tsohon ɗankwalinta, ta sa ƙanwata ta rubuta sunan goggo a jiki da manyan baƙaƙe. Da safe ana shirin ɗora motarmu a kan motar kaya, na faki ido na kwance murfin baya, na ga wani ɗan sarari mai kyau kamar don ni aka bar shi. Na cusa ƙunshin, na mayar da murfi, na ɗaure. Har yaba wa kaina na yi. Ban san kafar iskar nan ce na toshe ba. Da na taɓa sauraron Uwar Waya sau ɗaya a wata huɗun nan, da na sani.

Mun isa Yendi da rana, kashegari da hantsi aka fara gwaji a wani fili da aka kewaye da tsofaffin tayoyi. Injiniyan kamfanin dogo ne, ba ya dariya, da kwamfuta a hannu. Zagaye goma ake so ba tare da tsayawa ba. Na saka hular kwano da ta fi kaina girma sau biyu, na taka. Kai jama'a! Zagaye na farko na ji kamar zan wuce Gambaga ban sani ba. Ina ɗaga wa 'yan kallo hannu, har da sara wa injiniya. A zagaye na huɗu na ji bayana ya fara ɗumi. A na biyar wani ƙamshi ya taso, irin na miyar Mma. A na shida motar ta yi ɗan kuka, ta mutu a tsakiyar fili.

Aka turo ni gefe. Injiniya ya duba kwamfutarsa ya ce batir ya yi zafi, shi ya sa ya yanke wuta da kansa.

"Wa ya yi aikin sanyayawa?"

"Ni ce, Sa," in ji Uwar Waya.

"To bai yi ba. Haka zan rubuta. Ku kawo sufana a cire batir."

Masta ya cire hularsa ya riƙe. Wani ɗan ajinmu, wanda tun farko bai so aka saka mace cikin aikin ba, ya ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Mun faɗa ai. Da an bar ta ta sayar mana da koko." Wasu suka yi dariya.

A nan ne abin kunyar yake, ba a kifin ba. Tun ƙamshin nan na zagaye na biyar na gane abin da ya faru. Ina tsaye, hular kwano a kaina, na san gaskiya, na yi gum. Har kai na gyaɗa, kamar ni ma abin ya ɗaure mini kai. Na ga idonta ya cika da hawaye, tana cewa, "Wallahi Sa na gwada fankar nan fiye da sau ashirin." Ni kuwa ina ta lissafin yadda zan zare ƙunshin idan hankalin kowa ya koma kan batir.

Ba ta bar ni ba. Ta ce, "Sa, don Allah ka bar ni in buɗe da hannuna, in ga inda na yi kuskure." Ta durƙusa ta fara kwance ƙusoshi. Guda huɗu ne. Kowace ta fita sai in ce a raina, yanzu zan yi magana. Har ta huɗun ta faɗi ƙasa bakina bai buɗe ba.

Ta ɗaga murfi, ta jawo ƙunshi, leda ta yi laushi, mai yana ɗiga. Ina ji har kuliyoyin Bimbila sun ji wannan ƙamshin. Masta ya karɓa, ya karanta sunan da ke jiki da ƙarfi, sannan ya dube ni.

"Tsinke, wannan ba goggonka ba ce?"

Filin ya fashe da dariya. Injiniyan da ba ya dariya ma sai da ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta share hannunta, ta ce mini, "Ka sani ke nan tun ɗazu? Kana tsaye ana zagina?" Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Masta ya roƙi injiniya, ya yarda a sake gwaji bayan azahar idan batir ya huce, amma ya ce wannan direban kada ya sake taɓa motar. Ƙunshin kuwa Masta ya saka a jakarsa, ya ce saƙo amana ne, shi zai kai. Uwar Waya ce ta zauna a kujerata. Ta yi zagaye goma cif, fankarta tana juyi lafiya lau.

Na yi shekara uku ina tunanin abin. Cusa kifi wauta ce, kowa ya yi dariya ya wuce. Amma ka tsaya kana kallo ana ɗora wa wani laifinka, wannan ba ya wankuwa da dariya, kuma minti biyar ɗin da na yi shiru sun fi wata huɗun da na yi ina cika baki nuna ko ni wane ne.

A ranar Masta ya saka ni a motar haya zuwa Salaga. Ban ga Bawku ba. Motarmu ta zo ta uku, kamfanin ya ci gaba da ɗaukar nauyin makarantarmu, ni kuma aka cire ni daga ƙungiyar. Na ba ta haƙuri a gaban aji da suka dawo, amma sai a zangon karatu na gaba ta fara amsa gaisuwata.